Magaji Kashe-Inji

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ruwa daga Wara ya san Magaji Kashe-Inji. Gajere ne, in ya tsaya cikin kwalekwale hularsa kaɗai ake hangowa. Taurin kai kuwa, jaki ma wurinsa yake ɗaukar karatu. A Gungun Ɗorawa aka haife shi, wani tsibiri a tsakiyar Kwara, inda ake noman albasa da rani, ana ban ruwa da ƙwarya. Taubashinsa Arzika har gobe yana rantsuwa albasar gungun guda ɗaya sai ƙarti biyu sun kama.

Yana da shekara ashirin ma'aikatan gwamnati suka zo da takardu da jan fenti. Suka ce an datse gulbi a Kainji, ruwa zai cinye gungu, kowa ya koma gidajen siminti da aka gina a tudu. Dattawa suka kwashe da dariya. Su da aka yanke wa cibi a bakin ruwa za a koya wa halinsa? Cikar gulbi biyu ce a shekara: farin ruwa ya zo da damina ya tafi, baƙin ruwa ya zo da sanyi ya tafi. Kowane gida ya san inda gulbi ke tsayawa tun kaka da kakanni.

Saura kwana tara a tashi, Ladi mahaifiyar Magaji ta rasu. Liman ya ce a haye da ita sabon gari. Magaji ya ce wa ta sani can? Ya haƙa mata kabari a ƙololuwar gungu, gindin wata giginya, inda ko ambaliyar da ta kwashe rumbunan kakansa ba ta leƙa ba.

Wani ma'aikaci ya ce masa, "Samari, wannan ruwan ba irin wanda ka sani ba ne."

Magaji ya ce, "Malam, ruwa baƙo na. In ya ƙoshi tahiya shikai. Bana-bana nan zan dasa albasa, in dinga gaishe da Inna."

Ruwan ya zo babu gudu babu ƙara, ya hau rumbu, ya hau masallaci, ya zauna. Rani ya yi, Magaji ya reni irin albasa yana jira. Irin ya tsufa a hannunsa. Shekara ta zagayo ya sake. Sai a ta huɗu ya bar wahalar da kansa. Giginya ta mutu a tsaye, baƙin kanta kaɗai ya rage bisa ruwa.

Gidan da aka ba shi, da rana gasa mutum yake kamar bandar kifi. Wutar lantarkin da aka tashe su dominta ta bi waya ta yi birane, shi ko yana nan da tocila. Ya koma jigilar mutane ranar kasuwa. Kullum sai ya karkata hanya, ya je daidai kututturen giginyar, ya kashe inji, ya ɗaga hannu ya yi wa Inna addu'a. Fasinja su yi ta ƙorafi.

"Baba, kifinmu zai ruɓe!"

"Ya ruɓe. Mai sauri ya sauka ya taka."

Shekara arba'in da ɗoriya yana haka. Arzika ya ce da za a tara addu'o'in, da sun isa su ƙafar da tafkin.

Bara waccan wani jirgi ya daki kututture, mutane suka halaka. Aka zo da zarto mai inji aka bi itatuwan cikin ruwa ana sarewa. Babu mai cewa ba a kyauta ba. Magaji yana kwance da ciwon ƙafa, babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa har da giginyarsa.

Da ya miƙe, ya sa Arzika ya ja jirgi suka fita. Suka yi gabas, suka yi yamma. Ruwa shimfiɗe, ko'ina iri ɗaya. Magaji ya ƙanƙance idanunsa da suka fara hazo, yana auna tudun Wara da yatsa, yana sakewa. Arzika, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya rasa tsiyar da zai yi masa. Mai ya kusa ƙarewa.

Can sai Arzika ya nuna wani wuri da haɓa. "Nan na, gajere. Na rantse nan na. Har warin albasa nika ji."

Magaji ya daɗe yana duban ruwan.

"Ƙarya kakai, Arzika. Tun muna yara ƙarya kakai."

Arzika ya rage gudun jirgin.

"Kashe injin," in ji Magaji.