Fo Dodzi da Ƙeyar da Ba a Sa a Shafi Ba

Da safe, kafin masu kitson unguwar Hanukope da ke Lome su gama share ƙofar shagunansu, Fo Dodzi Agbeko ya riga ya iso ɗakin ƙungiya. Yakan yaye ƙyallen da yake lulluɓe kwamfuta da shi saboda iskar teku, ya ajiye ƙullin soyayyar doyarsa a gefe, sannan ya buɗe waya. Kullum zai tarar hotuna sun taru, matan ƙungiyar masu kitso sun turo domin a sa a shafin intanet na ƙungiya, kowace a ƙarƙashin sunan shagonta. Kullum kuma tambayarsa ɗaya ce ga kowace: "Wa ya ɗauka?"

Tambayar nan ta jawo masa baƙar magana fiye da yadda ta jawo masa godiya. Wata ta taɓa turo hoton wata mata tsaye cikin ƙanƙara da rigar sanyi, ta rantse ita ta yi mata kitson. Fo Dodzi ya ce ya yarda, amma ta tuna masa shekarar da ƙanƙara ta sauka a Lome, don shi ya manta. Wata ta ce ai a intanet ta tsinta. Ya ce zanin da maƙwabciyarta ta shanya ma a fili yake, kowa na gani, ta je ta tsince shi mana. Ya sha gaya musu cewa hoto na wanda ya ɗauka ne, ko da suna a jiki ko babu. Rubuta sunan mai shi a ƙasa ba ya zama izini. Wanda aka bayar kyauta ma yakan zo da sharaɗi, sai an karanta. Su kuma sun sha gaya masa cewa mutumin da babu ko silin gashi a kansa bai kamata ya riƙa yanke hukunci a kan kitso ba.

Asalinsa mai zanen alluna ne. A da, yawancin kawunan da ke zane a ƙofar shagunan unguwar nan hannunsa ne. Ya ga yadda wasu suke tsayawa a gaban allonsa su kwafa layi-layi su sayar, ba ko sannu. Da waya ta kashe sana'ar, ya koya wa kansa kwamfuta da yatsa biyu, ƙungiya ta ba shi riƙon shafi. Da ɗan abin da take ba shi yake ci, ba shi da wata hanyar.

Wannan kujerar ce ta kusa kuɓuce masa a kan ƙeyar mace guda.

Shugabar ƙungiya, Da Massan, mace ce mai hannu a kitso, mai baki kuma fiye da hannun. (A garin nan Da ake ce wa babbar mace don girmamawa, Fo kuma ga namiji.) Ana gab da bikin yaye 'yan koyo sai ta ci karo da wani hoto a shafin Anani, mai ɗaukar hoton biki. Ƙeyar wata mata ce a coci, an ɗauko ta baya, kitson ya nannaɗe kamar kwando. Da Massan ta gane aikinta nan take. Ita ta yi wa wata matar aure mai suna Ayoko, kuma a cewarta ba ta taɓa yin kamarsa ba. Ta ce a sa shi a goshin shafi kafin ranar biki.

Fo Dodzi ya yi tambayarsa.

"Kai Fo, ina ruwana da wanda ya ɗauka? Wa ya kitsa? Yini na yi a tsaye har ƙafata ta kumbura. Shi yatsa ɗaya ya danna."

A nan dole mutum ya tsaya, domin maganarta ba ta banza ba ce. Hannu nata, kai na Ayoko, yatsa na Anani, doka kuma ta ɗauki hoton ta miƙa wa mai yatsa. Fo Dodzi bai taɓa cewa rabon nan ya yi daidai ta kowace fuska ba. Abin da yake cewa shi ne, Anani ya zaɓi inda zai tsaya, ya jira haske, da wannan yake ciyar da gidansa. Idan kuma abu ya haɗa mutum uku, mafi ƙarancin mutunci a tambayi sauran biyun.

Ya hau acaba ya tafi wurin Anani. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Anani ya leƙa waje ya duba ko da wani a laɓe, don tun da ya fara sana'a ba wanda ya taɓa zuwa neman izininsa, sai dai ya ga hotonsa a jikin kalandar wani. Da ya tabbata ba tarko ba ne, ya ce a sa, a rubuta sunansa a ƙasa, kada kuma a yanke tambarinsa. Har lemo ya sayo masa.

Da wani ne, da nan ya tsaya. Shi kuwa ya ce talla za a yi da kan mutum, sai mai kan ta sani. Ya samu Ayoko a rumfarta ta sayar da atamfa. Tana ganin hoton ta ja shi bayan tulin kaya.

Ashe yayar mijinta, Da Kokoe, mai kitso ce, 'yar ƙungiyar ce kuma, ita ke yi mata kitso tun ranar da aka kawo ta gidan. Sau ɗaya tak Ayoko ta saci jiki ta je wurin Da Massan, da ta dawo ta ce a Aflao, can tsallaken iyaka, wata baƙuwa ta yi mata, ba ta ma riƙe sunanta ba. A shafin Anani ƙeya ce kawai babu sunan kowa. Amma ranar da aka liƙa ta a ƙarƙashin shagon Da Massan, gidan ba zai zaunu ba. Ta roƙe shi kada ya sa, kada kuma ya faɗi dalili, musamman ga Da Massan, wadda in ta ji magana da safe, kafin azahar an ji ta a bakin teku.

Ya dawo ya ce wa shugaba mai hoto ya yarda, mai kai ba ta yarda ba. Ta tambayi dalili, ya ce ba a ba shi izinin faɗa ba. Ta ce to dalilin ma yana da mai shi ke nan? Ya ce ƙwarai. Ya ba ta shawarar ta sake yin kitson a wani kai ya ɗauka da kansa, ta ce ya kawo nasa. Daga nan ta kira taro, ta ce ko hoto ya hau ko Fo Dodzi ya sauka.

Waɗanda suka halarta sun ce ya zauna a gaba, hula a gwiwa, ana ta jero laifuffukansa. Duk wadda ya taɓa mayar wa da hoto ta samu bakin magana. Kalma ɗaya za ta fitar da shi, kuma Da Kokoe, wadda kalmar ta shafa, tana zaune a layi na biyu tana fifita. Bai faɗa ba. Da aka ce ya kare kansa, cewa ya yi kawai mai kai ta ce a'a.

Ana shirin ɗaga hannu sai Da Kokoe ta miƙe. Ta ce ita ba ƙaunar mai sanƙon nan take yi ba, amma tana so kowace ta tuna wa da wa ke shigo mata shago ta ƙofar baya. Akwai matar fasto da ke ƙara gashi mijinta bai sani ba, akwai mai ɓoye furfura, akwai mai ɓoye abin da ya fi furfura. In aka fara sa kawunan mutane ba tambaya, ta ce, wa zai sake sunkuya mana? Kowace ta shiga lissafin nata. Hannuwan da suka tashi ba su kai a sauke shi ba. Da Massan ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa.

Bayan an watse Da Kokoe ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara ɗaurin zani, ba ta ko dube shi ba.

"Aflao," in ji ta. "Tun daga ƙofar gida na gane tsagar Massan, wa zai ɓoye mini hannunta? Amma yarinyar ta wahala ta shirya mini ƙarya, wannan ladabi ne, na karɓa. Da ka sa hoton nan, da dole in yi fushi a gaban jama'a, ni kuwa ba ni da ƙarfin fushi yanzu."

Shekaru sun ja, maganar ta fito da kanta, Ayoko da Da Kokoe yau dariyarta suke yi, da yardarsu kuma aka kawo ta nan.

Ƙarshen watan nan Fo Dodzi zai ajiye aiki, idanu sun gaji. Fo, kai ne mai hawa acaba cikin rana don tambayar da kowa ke ganin ɓata lokaci ce. Kai ne ka riƙe wa wata sirrinta alhali abincinka na cikin haɗari. Shafin da ka bari bai kai na wasu ƙyalli ba, wasu hotunan ma sun ɗan karkace, amma babu ko ɗaya a ciki da za a kira ka a ce cire. Mun gode, Allah ya ba idanun nan hutu.

Mu kuma masu shafuka, manya da ƙanana, kafin mu danna mu kwashe hoton da ya burge mu, mu nemi wanda ya ɗauka, mu nemi wanda ke ciki. Wani zai ce a'a bai faɗi dalili ba. Mu bar masa hotonsa, mu bar masa dalilinsa.