Mutumin da Ke Bin Hadari da Kwalba

Ranar Talata, sha huɗu ga wata, ina ɗakin gwaji ina wanke kwalabe, ɗiyarka ta kira ni ta ce ka cika da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma. Na kashe famfo na zauna.

Shekara goma sha tara muka yi tare a hukumar da ke bin sawun gubar da masana'antu ke zubarwa. Kai ke ɗebo ruwa, ni ke aunawa. Kowace shekara kamfanoni sukan aiko da takarda su faɗi abin da suka saki a iska da rafi, kuma a takarda kowa waliyyi ne. Kai kuwa ba manaja kake tambaya ba, matan da ke wanki a bakin rafi kake tambaya, kana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su suka gaya maka rafin ba ya canja launi sai ana ruwan sama, domin a lokacin ne majemar da ke saman unguwa take buɗe kududdufinta, ambaliya ta rufa mata asiri. Tun daga nan, in hadari ya haɗu kowa ya nufi gida, kai sai ka saɓi jakar kwalabe ka nufi bayan katangar majema. Muka sa maka suna Ɗan Hadari. Ka sha shigo mana jiƙe sharkaf, takalmi a hannu, kana dariya, kowace kwalba kuwa da rana da sa'a a rubuce.

Sau uku na auna ruwan nan, don ban so abin da na gani ba. Gubar ta wuce abin da doka ta yarda nesa ba kusa ba, kuma da shi ake ban ruwa a lambunan gangare. Ɗaya daga cikinsu na yayanka ne, wanda ya riƙe ka bayan rasuwar mahaifinku, da lambun nan ya kai ka makaranta. Na ce maka, "Malam, a bar wani ya sa hannu mana." Ka ce, "Ni na ɗebo. In na ɓuya a bayan wani, Yaya zai fi jin ciwo." Ka sa hannu. Aka toshe bututun majema, aka hana ban ruwa da rafin, lambun ya bushe.

Shekara shida yayanka bai amsa sallamarka ba. Duk wata kana zuwa, kana dawowa, ban taɓa jin ka kushe shi ba. Ka bar masa takardar sakamakon a hannun matarsa, bai buɗe ba. Ko asibiti bai je ba sai ranar da ka daina gane mutane. Na san abin ya ci ka, kuma na sha tambayar kaina ko da ni ce zan iya. Ina jin ba zan iya ba.

Jiya yayanka ya zo ofis yana dogara sanda, da takardar a ninke. Ya ce, "Malama, karanta mini, idona ya yi rauni." Na karanta, na yi masa bayani. Sannan ya ce, "Jikokina fa daga lambun nan suke ci a lokacin." Na ce haka ne. Ya ce, "Ashe su yake tsarewa, ni kuwa na bar shi tsaye a ƙofa." Ya nemi in nuna masa kujerarka, ya zauna a kai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka da 'ya'yanka da abokan aiki, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Yayanka kuwa, kafin ya tafi na gaya masa abin da na sani, cewa ba ka taɓa riƙe shi a zuciya ba. Allah Ya sa ya yarda, Ya haɗa ku a inda za ka yi sallama ya amsa.