Motar da Aka Ce Ba Ta da Baki

Shekaru sun ɗan ja, amma ko yau aka ce in faɗi ranar da ta ƙi barin raina, ba zan ce ranar aurena ba, maigidana ya yi haƙuri. Ranar da zan ambata ita ce wadda muka taru a tsakar gidanmu a Haɗeja, muka ƙura wa ƙaramar waya ido muna jira a yaye wa wata mota mayafi. Motar ba tamu ba ce, ba ma a ƙasarmu take ba, kuma babu wanda ya taɓa sa ran hawanta a cikinmu. Amma a kan fuskarta aka ɗora makomar ƙanina.

A lokacin na dawo gida wankan jego na haihuwar fari. Duk wadda ta yi jego ta san zaman: daga ruwan zafi sai kunun kanwa, sai kwanciya, sai kasa kunne. Ɗakin da aka sauke ni bangonsa ɗaya da zaure, rumfar aikin Baba kuma tana ƙofar zauren. Saboda haka duk hirar da aka yi a waje da ni aka yi ta, ko da yake ba wanda ya gayyace ni.

Baba mai gyaran lagireto ne, ma'ajiyar ruwan nan da ke bayan ragar gaban mota tana sanyaya inji. A yankinmu kuwa wannan aiki ba ya yankewa. Direbobin da ke bin hanyar Kirikasamma da ƙauyukan fadama, da mota ta yi zafi sai su tsaya bakin kogi su kamfato ruwa, da laka da komai, su ɗura mata. Ga audugar kacalla, ciyawar nan da ta cinye mana rafuka, tana tashi tana toshe raga. Lokacin casar shinkafa kuma ƙaiƙayi ya karɓi aikin. In lagireto ya fara yoyo, wani ya fasa masa ɗanyen ƙwai, wani ya zuba garin taba, sai abin ya gagare su sannan a tuna da Baba. Shi kuma ya toshe bakunan, ya nutsa shi cikin rabin duro na ruwa, ya buga masa iska da famfon keke, ya zuba ido yana jiran inda kumfa za ta ɓullo. Ya goge wurin ya liƙe da dalma. Da wannan ya ciyar da mu, da shi ya aurar da mu mata kaf.

Namiji ɗaya Allah ya ba shi, shi ne autanmu, kuma Auta muke ce masa har ya yi gemu. Ya iya aikin Baba sarai, direbobi har yaba hannunsa suke yi, amma zuciyarsa ba ta cikin rabin duron nan. Shi dai batir, shi dai sola, shi dai wayoyin lantarki. Ya samu wani mai gareji a Kano da ke koyar da gyaran kekuna masu amfani da batir, ya ce zai karɓe shi. Baba ya ce a'a. Baba ba mai faɗa ba ne, in ya ce a'a sai ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa, ka yi ta magana da ƙeyarsa har ka gaji.

Rannan da hantsi na ji Auta yana cewa, "Baba, ga irin motar da nake ba ka labari. Ba fetur, ba inji, ba salansa. Wannan ma ba ta fito ba tukuna, sun lulluɓe ta, sai wata mai kamawa za su buɗe. An ce gabanta ba za a yi masa raga ba, a shafe zai fito."

"A shafe kamar yaya?" in ji Baba.

"Kamar bango."

"To ta ina za ta sha iska?"

"Ai ba ta buƙata, Baba."

Na daɗe ban ji Baba ya yi dariya irin ta ranar ba. Ya ce, "Auta, jaki yana numfashi, injin ban ruwa yana numfashi, kai mai maganar ma numfashi kake yi. Duk abin da zai ɗauki kaya ya yi gudu sai ya yi zafi. In ya yi zafi kuwa dole ya buɗe baki."

Da Auta ya shigo cin abinci na tsare shi sai da ya nuna mini. Hoton ba komai a cikinsa sai duhu, da siffar mota ƙarƙashin baƙin ƙyalle, da wani siririn layin haske da ya ratso ta gaba. Na yi ta buɗa shi da yatsa har ya dagargaje, ban ga baki ba, ban kuma ga rashinsa ba. Amma wallahi na kasa ɗauke ido. Abu a rufe ruf, ga shi kamar yana kallonka.

Daga ranar rumfar Baba ta koma majalisar wannan mota. Akwai amininsa tun na ƙuruciya, masunci ne, Baffa muke ce masa, kullum in ya sayar da kifinsa nan yake yada zango. Shi ya rantse cewa kan motar irin na tarwaɗa ne, faffaɗa a kwance, fitilu can gefe. "Duba yadda ƙyallen ya kwanta," in ji shi. "Wanda ya zana wannan ya taɓa riƙe tarwaɗa a hannu, ko Bature ne ko ɗan Sin." Wani direba ya ce ina, tsini za ta yi kamar goshin kwalekwale don ta riƙa tsaga iska. Wani ya ce layin hasken nan shi ne fitilar gaba ɗaya, wani ya ce ƙarya ne, ina aka taɓa mota mai ido ɗaya. Baba kuwa sai ya ɗauki guntun ƙarfe ya zana tasa a ƙasa, ko yaushe da raga a tsakiya, wani lokaci babba wani lokaci ƙarama. Auta ya durƙusa gefe ya zana tasa ba baki. Da safe in Inna ta leƙa shara sai ta tarar da fuskoki birjik a ƙofar gida, ta dawo tana mita wai an mayar mata da ƙofar gida allo.

Ni duk wasa na ɗauki abin, har ranar da na ji muryar Baba ta sauya. Auta ya sake tayar da maganar Kano. Sai Baba ya ce, "Baffanku shaida ne. In aka buɗe motar nan aka ga tana da inda take shan iska, to sana'ata da sauranta, ka zauna mu ci gaba, kar in ƙara jin zancen Kano. In kuwa ta fito a shafe, ka haɗa kayanka ka tafi, da albarkata."

"Na yarda, Baba," in ji Auta, ko numfashi bai ja ba.

Ina ɗaki ina jin su. Na ce a raina wannan wawan yaro, da jita-jitar waya za ka sa hannu a kan rayuwarka? Na san Baba, in ya faɗi magana gaban shaida ko shi kansa ba ya iya kwance ta. Da daɗewa ina bayan Auta, don na ga yadda idonsa ke mutuwa in yana buga famfon keken nan. Amma kuma in na tuna Baba shi kaɗai a rumfa, ga idonsa ya fara rauni wajen hango kumfa, sai tausayinsa ya kama ni. Na rasa wanda zan yi wa addu'a a cikinsu.

Ranar da za a buɗe motar, kamfanin ya ce kai tsaye za a nuna, ya faɗo mana bayan la'asar. An yi ruwa da rana, gari ya yi luf. Baba ya rufe rumfa da wuri, abin da ko zazzaɓi bai cika sa shi yi ba, ya ce a shigo ciki don Inna ma ta gani da idonta. Aka jingina wayar da turmi. Baba da Baffa suka zauna kan tabarma, Auta ya tsuguna, Inna ta tsaya riƙe da ludayi, ni kuma ina bakin ƙofa da jariri a cinya, daidai inda nake ganin wayar ina kuma ganin fuskar Baba.

Aka daɗe ana zuba Turanci. Wani mutum ya yi ta kai da kawowa a wani makeken ɗaki mai duhu, har Inna ta ce in surutu za su yi ita miyarta na ƙonewa. Sai fitilu suka mutu, motar ta taho da mayafinta, a hankali, ba ƙara ba hayaƙi. Baffa ya ce, "Tura ta ake yi ne?" Aka ja ƙyallen ya zame.

Na ga motoci a rayuwata, amma ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Fuskar sumul take, launin azurfa, tana sheƙi kamar ruwan fadama da sassafe kafin kwalekwale ya taɓa shi. Ba raga, ba rami, ba ko alamar inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe. Layin hasken nan ya fara daga tsakiya ya bazu gefe da gefe sannu a hankali, sai ka ce barci ta yi ta farka. Ludayin Inna yana ɗiga a ƙasa ba ta sani ba.

Sannan mutumin ya taɓa wani wuri, bonet, wato murfin gaban motar, ya ɗaga da kansa. Ba komai a ciki. Wani fili ne kawai mai shimfiɗa, ya ɗauko jakar tafiya ya ajiye ya rufe.

"La'ilaha illallahu!" in ji Baffa. "Ina injin? Jama'a, ina injin?"

Baba ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da kansa a ƙarƙashin bonet, yau an buɗe masa bonet ya ga wurin ajiye jaka. Ban ga baƙin ciki a fuskarsa ba, mamaki ne zalla. Ya riƙe haɓa yana cewa, "Ikon Allah. Ikon Allah. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan'adam wannan basira."

Auta ya daka tsalle ya juya wajen Inna yana cewa ta gani ko, ta gani ko. Baffa yana tafa hannu yana cewa ai ga tarwaɗarsa nan. A daidai wannan lokacin mai ɗaukar hoton ya sauke na'urarsa ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin bambar gaban motar. Can ƙasa, inda ido ba ya kai wa sai an durƙusa, akwai wani siririn tsagi baƙi, da wasu 'yan marafai da suka buɗe suka rufe. Ƙiftawar ido ne, hoton ya wuce. Na gani. Na ɗaga kai na dubi Baba, na ga ya sunkuyo, idonsa a kan wurin, leɓensa na motsi. Ya gani, kuma ya fi ni sanin abin da ya gani.

Kalma ɗaya zai faɗa, a mayar da hoton baya, shi ke nan tafiya Kano ta rushe. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya koma ya zauna, ya gyara hularsa, ya ce, "Auta, ka ci. A shafe take. Ka fara shiri."

Da safen da Auta ya tafi, bayan an raka shi tasha, Baba ya shigo duba jariri. Ni ce 'yarsa ta fari, saboda alkunya bai taɓa kiran sunana ba, hira kuwa ba ta taɓa haɗa mu ba, daga gaisuwa sai gaisuwa. Amma na kasa haƙura. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ni fa na ga wani abu a ƙasan motar nan."

Bai dube ni ba. Ya karɓi jaririn ya ɗaga shi saitin fuskarsa, ya ce, "Abokina, ka faɗa wa wadda ta haife ka na gani. Baki ne. In ma ba a yi wasa ba akwai ɗan lagireto a bayansa. Ni na ci, ba kawunka ba." Ya ɗan jijjiga shi. "Amma ka ga ƙanƙantarsa? Ɗan tsagin nan ba zai ciyar da gidan kawunka ba. Tun da aka ɗaga bonet na ga wayam, na san duniyar da na iya ta fara naɗe tabarma. To in riƙe shi a nan don kawai a ce maganata ta fito? Ka ce mata kuma ta yi shiru da bakinta."

Ya miƙo mini yaron ya fita. Ba a jima ba na ji ƙarar famfon keke daga rumfa, shi kaɗai yake bugawa. Na kifa kaina a kan jaririn na yi kuka mai isata.

Na yi shirun kamar yadda ya ce, har sai da Auta ya gano da kansa a wajen aiki, ranar da ya kwance gaban wata mota mai batir ya ci karo da ɗan lagireto a ciki. Ya kira ni yana tambaya ko Baba ya sani. Na ce masa tun ranar da aka yaye mayafin.

Har yau in na tuna, mamaki biyu nake yi, kuma na motar shi ne ƙarami. Na koyi cewa samun gaskiya a hannunka daban, sanin abin da za ka yi da ita daban. Baba ya yi nasara a gaban shaida, ya duba ya ga ɗansa ne zai biya kuɗinta da rayuwarsa, sai ya ajiye ta ya ce shi aka ci.