Bappa Ɗalha da Mai Cin Ƙasa

Shekara arba'in Bappa Ɗalha ya yi yana bin shanu a dajin Sule Tankarkar, kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Da ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe a kasuwar Maigatari, sai wani ɗan'uwa ya samo masa gadi a wani gidan kula da masu taɓin hankali a Gumel. Kujera aka ba shi a bakin ƙofa, amma idon makiyayi bai iya zama ba. Duk wanda ya gifta sai ya duba tafiyarsa da hasken fatarsa.

A haka ya lura da Ya'u, wani magidanci shiru-shiru da ke yawo ba takalmi a bayan banɗaki, yana dangwalar ƙasa yana ci. Ba ya raga tuwo, amma kullum sai ƙara ramewa yake yi. Ma'aikata suka ce ciwon ne ya yi tsanani, har aka fara maganar kulle shi a ɗaki. Abin ya tsaya wa Bappa a rai.

Ran nan da hantsi ya riƙo Ya'u a hankali, ya ja fatar idonsa ta ƙasa kamar yadda ya saba yi wa maraƙi. Fari fat, ba alamar jini. Ya tafi wajen Rabi'atu, ma'aikaciyar jinya.

"'Yata, tsutsar ciki ce ke shanye masa jini."

"Bappa, mutum ne fa, ba maraƙi ba," ta ce tana dariya.

"Na sani. A auna bayan gidansa. In ba haka ba ne, ki yi ta yi mini dariya har sallah."

Aka auna, aka samu. Aka ba kowa a gidan magani, aka raba silifa tunda ta ƙafa tsutsar ke shiga, aka gyara banɗakin. Ya'u bai rabu da ciwonsa ba, amma ya daina cin ƙasa, kumatu suka dawo, maganar kulle kuwa ta mutu.

Rabi'atu ta zo ba da haƙuri, ta tambaye shi inda ya koyi likitanci. Sai Bappa ya ce:

"Na taɓa yin ɗa, Mati. Shi ma ƙasa yake ci, aka ce iska ce. Yana shekara bakwai ya rasu. Duk damina sai na duba idon maruƙana ɗaya bayan ɗaya na ɗura musu magani. Nasa ne kawai ban taɓa dubawa ba."