Hannun Mai Awo

A masana'antar da ake matse ƙofofin mota, Mai Awo ake kiransa, har matarsa ma haka take cewa in ta so tsokana. Ya yi furfura a ɗakin awo, ɗaki mai sanyi da teburin dutse a tsakiya, yana duba ko ƙofa ta kauce da kaurin gashi.

Ƙa'idar ɗakin ita ce mutum biyu su auna ƙofa ɗaya, kowa ya maimaita, ba mai leƙen na wani. In awo ya saɓa, to ko ma'auni ya lalace ko hannu. Abokin awonsa Bahago ne, sarkin surutu. Da Mai Awo ya gama, sai Bahago ya fizge ma'aunin ya ajiye a kan dutse.

"Sake shi mana, tsoho, ba amaryarka ba ce!"

Awonsu bai taɓa saɓawa ba. Sai ciwo ya shanye wa Bahago ɓarin hagu, ya koma gida.

Tun daga nan awon Mai Awo ya fara yawo, na safe daban, na rana daban. Shugaban sashe ya ce gobe za a sake gwada shi, in hannu ya gaza a mayar da shi sito.

Da la'asar Mai Awo ya je duba Bahago, ya same shi a tabarma. Ya faɗa masa komai. Bahago ya kama tafinsa da hannun dama, ya daɗe riƙe da shi.

"In ka gama awo, ina kake ajiye ma'aunin?"

Sai a lokacin Mai Awo ya lura. Ba ya ajiyewa. Yakan tsaya ne da shi a dunƙule, yana kallon kujerar Bahago da ba kowa a kanta, har ɗumin hannu ya shiga ƙarfen ya buɗa shi, awo ya sauya.

"Ka ga irinta," in ji Bahago, dariya na fita ta gefen baki ɗaya. "Ni ne fankarka ashe, mai sanyaya maka ƙarfen."

Washegari Mai Awo ya auna, ya ajiye ma'aunin a kan dutse, ya jira, ya sake. Awo ya zauna daram. Shugaban sashe ya gyaɗa kai ya fita.

Mai Awo ya juya hagu, baki buɗe da magana. Kujerar na nan inda take. Ya gyara mata zama, ya jawo ƙofa ta gaba.