Akuyar Mushe Ari

Ku da muka yi lakwal tare, makarantar nan ta kasuwanci a Zango, wa ya taɓa ganin malaminmu Mushe Ari ba bututun nan a hannunsa? Ni dai ban taɓa ba. Ƙarfe ne dogo mai rami a ciki da tsini a baki, irin wanda masu awon gyaɗa ke soka wa buhu su zaro ƙwaya daga tsakiya. Gyaɗa ta ƙare a ƙasar nan, kamfanin da yake wa aiki ya rufe, shi kuwa ya riƙe ƙarfensa ya mai da shi sanda. Da shi yake nuna allo, da shi yake korar karnuka, har masallaci yake zuwa da shi ya jingine kusa da takalma. Buhu kuwa, in dai ya gan shi a tsaye, ko na uban waye sai ya soka.

Ranar da aka kawo kayan auren 'yarsa daga Garagumsa, dattawa suna zaune ana ta "Allah ya sanya alheri", sai ga Mushe ya miƙe ya nufi buhunan gero. Ya soka sama, ya soka tsakiya, ya durƙusa ya soka gindi. Wan uban ango ya ɓata fuska ya ce, "Malam Ari, zarginmu ake yi?"

"Ba zargi ba ne, Alhaji, aiki ne." Ya murza geron a tafin hannu, ya shinshina. "Gero lafiyarsa lau. Saura yaron."

Darasinsa shi ne anketi da ƙididdiga, wato yadda ɗan kasuwa zai bincika ya san gaskiyar abu kafin ya zuba dukiyarsa a ciki. Mu dai abin da muka fara fahimta shi ne, bawan Allahn nan bai yarda da kowa ba. Ka kuskura ka ce masa "ai kowa ya sani", ka shiga uku. "Kowa? Kai ka tambayi kowa? Ni ga ni nan zaune, ba ka tambaye ni ba!"

Lawali, kana nan, kada ka sunkuyar da kai. Kai ne ka kawo masa binciken da ya nuna duk mutanen Damagaram za su sayi ruwan ƙanƙara in ka buɗe shago. Mushe ya ɗaga gilashi ya ce, "Su wa ka tambaya?" Ka ce Innarka, da gwaggonninka, da wata maƙwabciya.

"Innarka! Kai, ko ruwan kwata ka ce za ka sayar, Allah ya sa albarka za ta ce. Wanda yake son ka ba ya ba ka labari, lallashinka yake yi. Zero!"

Ga shi da maƙo, Allah ya jiƙan rai. Goro ɗaya sai ya kai shi mako. Hutunsa guda ne a duniya: kowace Juma'a in an sauko, sai ya ratsa cikin Birni ya ci tuwo a gidan yayarsa Ya Fanna, tsohuwar da ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da jikoki a wani tsohon gida mai zanen ado a goshin zaure, irin gidajen da kakanni suka gina da ribar fataucin Barno. Ran Asabar kuwa sai mu sha labari: "Tuwon Yaya! Ku 'yan matan yanzu me kuka sani?"

Sai farin tamanin da huɗu ya zo. Kun tuna. Mutanen Damagaram Takaya da na arewa suka cika bakin gari da 'yan tsummokaransu, dabba ta zama abin kyauta a kasuwar Dole, gero ya zama abin kallo. Wata ƙungiyar agaji ta ce za ta ware wa Birni jar dawa, amma gwargwadon yawan gidajen da ke cikin yunwa, kuma lakwal ɗinmu aka ba aikin ganowa. In muka ce babu, dawar ta wuce wani wuri ke nan, tsofaffin Birni su sha iska.

Samari aka fara turawa. Suka bi zaure zaure da tambayoyinsu, suka dawo fes, ko gumi babu. Mushe ya ce, "To, me aka samo?"

Lawali ya ce, "Mushe, kowa ya ce alhamdu lillahi."

"Kowa kuma?"

"Wallahi wannan karon kowa ne. Wani tsoho ma cewa ya yi in akwai mabukata a turo masa."

Mushe ya buga bututu a ƙasa har alli ya faɗo daga tebur. "Madalla! A rubuta wa Yamai a ce Birni ta ƙoshi, a zo a karɓi sadaka! Ku jikokin wa kuka je tambaya? Mutumin da kakansa ya ɗaure raƙuma a ƙofar gida zai dubi ɗan lakwal mai guntun wando ya ce bai ci ba? Kuma maigida kuka tambaya. Maigida me ya sani game da tukunya?"

Gaskiyarsa ne, mu 'yan Birni mun sani. Akwai gidajen da ake ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi. Ni kaina na ji haushin samarin nan ranar, don na san wasu daga cikin masu alhamdu lillahin, kuma na san rabonsu da tuwo.

Washegari sai ga Mushe ya shigo aji janye da akuya. Mushe Ari fa, wanda ko ƙosai ba ya saye! Wata ramammiya ce mai kunne ɗaya a yage, tana tafe tana tangaɗi.

"Ga mataimakiyata," in ji shi. "Ta fi ku duka. Ba ta jin kunya, ba ta da dangi a Birni."

Muka sa mata Madam Anketi. Dabarar kuwa ita ce: ba tambaya, ba takarda. Mu 'yan mata za mu shiga gida da bokiti mu yi sallama mu ce, "Inna, a taimaka wa akuyar Mushe da ƙasari," wato ruwan da aka wanke surfaffen gero da shi. Gidan da aka yi surfe, ƙasari ba abin rowa ba ne, zubar da shi ma ake yi. Gidan da aka ce "ayya, yanzun nan muka zubar", a koma wata rana. In nan ma yanzun nan aka zubar, an gane. Gidajen kuwa ƙuri'a ce ke fitar da su, ranar zuwa ma haka, don kada kowa ya shirya mana.

Haka muka yi ta yawo cikin lungunan Birni tsakanin duwatsu, ni da ƙawata Rabi da bokiti, Mushe a baya da akuya. Yara suna bin mu da waƙa. Madam Anketi kuwa ta fara yin ƙiba, har Mushe yana cewa ita kaɗai ce ta ci ribar ilimi a ajin nan.

Wata Talata ƙuri'a ta faɗa kan gidan Ya Fanna. Mushe ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ɓata lokaci! Amma ƙa'ida ƙa'ida ce. Ku shiga ku ga gidan da ake ci."

Ya tsaya a zaure da akuya, muka shiga. Tsakar gida a share tas, hayaƙi na tashi a murhu, Ya Fanna da farin mayafinta tana jan carbi. Amma turmi yana kife a gefe, kuma gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninsa da bango. Na dai daure na yi roƙon da aka koya mana.

"Akuyar Ari? Ai dole. Ku dakata, 'yan nan."

Ta karɓi bokiti ta zaga bayan ɗaki. Ta ɗan jima, ta dawo da shi cike da ruwa fari sol. Muka yi godiya muka fito.

Mushe ya leƙa ya ce, "Kun gani? Har da kauri." Ya ajiye wa akuya. Madam Anketi ta sa hanci, ta yi atishawa, ta juya masa baya.

"Ke, rainin wayo! Kin ƙoshi ko?" Ya jawo ta, ta turje. Sai ya tsoma yatsa ya kai baki. Na ji ƙasa ta yi ƙaras a haƙorinsa. Farar ƙasa ce ta shafen ɗaki tsohuwar ta dama a ruwa, don kada akuyar ƙaninta ta koma hannu wofi a ce gidanta ba a surfe.

Ya daɗe yana kallon bokitin. Can ya ce a hankali, "Ku zubar a lungu, kada ta gani."

Da safe ya shigo aji bai gaida kowa ba. Ya rubuta sunansa a allo da manyan baƙaƙe, ya zana zero ƙato a gabansa.

"Ga wani jaki," ya ce, "da yake bincike rana ɗaya tak a mako. Ranar da aka san zai zo. A gidan wadda take son sa. Ana tara tsabar mako guda a tuƙa masa, ya cinye, ya suɗe hannu, yara suna kallo, ya fito yana ba da labari. Lawali, tashi ka yi mini dariya, bashi kake bi na." Lawali bai tashi ba. Mu mata kuka muke yi a ɓoye.

Rahoto ya tafi, dawa ta zo. Masu agaji suka ce a kira gidajen a fili kowa ya zo ya karɓa. Mushe ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa, waɗannan mutane sun gwammace a kai su maƙabarta da a kira sunansu a dandali. Aka yi ta ja har suka gaji da shi, don ba wanda ya taɓa jure musu da Mushe Ari. Bokitin nan dai shi ya koma gidajen, cike da dawa, an rufe da zane: "Inna, akuyar Mushe ce ta aiko da tukuici." Tsofaffi suka yi ta karɓa suna sa wa akuya albarka. Ko waɗanda kullum "yanzun nan muka zubar" sun karɓa, don ai sun yi niyya.

Ya Fanna kaɗai ta maido. Ta dube ni ta ce, "Mariama, me na ba ta da za ta yi mini tukuici? Kai wa mabukata." Na fito da bokiti ina jin kamar in yi ihu, don na ga yadda wuyan jikokin nan ya rame.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, mutanen lungun suka ji hayaniya. Mushe ne tafe, jaki a gaba da buhun geron gidansa, yana faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Na gaji! Shekara da shekaru ina haƙuri da gudaji! Yaya, Hadiza ba ta iya tuwo ba, yau na faɗa. Ga gerona, daga yau a nan zan ci, rana da dare. In kin ƙi, yunwa ta kashe ni, alhakina a wuyanki!"

Jama'a, matarsa Inna Hadiza fa! Matar da ake aiko wa daga garin Durum ta je ta tuƙa tuwon biki. Ya Fanna ta fito tana salati. "Ni dai na faɗa tun ranar auren nan, hannun yarinyar nan bai faɗa ba. Shigo da shi, Ari. Ba za a kashe mini kai ina raye ba." Kafin azahar turmi ya tashi. Buhun da za a ce na mutum ɗaya ne, gida guda ya ci, ya ƙare aka kawo wani.

Inna Hadiza kuwa ta ɗauki sunan mai gudaji ta yafa. Har gida Ya Fanna take kiran ta ta koya mata riƙon muciya, ita kuma ta durƙusa tana "To, Yaya. Haka ne, Yaya." Na taɓa tambayar ta ko abin bai yi mata zafi ba, ta ce, "Da ni aka shirya, 'yar nan. Ni na ce masa ya ce gudaji. Shi da cewa zai yi gishiri ya yi yawa, wa zai bar gidansa saboda gishiri?" Fari ya wuce, ruwa ya dawo, amma Mushe bai janye maganarsa ba har ya bar duniya, don janyewar za ta tona abin da aka rufe.

Shi ya riga yayarsa tafiya. Ranar sadakar uku ina zaune a ɗakin mata aka kawo tuwo, Inna Hadiza ce ta tsaya a kan tukunyar duk da takaba, ta ce ba mai tuƙa na Ari sai ita. Ya Fanna, ido ya tafi, baya ya ranƙwafa, ta gutsura ta kai baki. Ta tauna a hankali. Sai ta laluba ta kamo hannun matar ƙaninta.

"Hadiza, tuwonki bai taɓa gudaji ba. Na sani tun ranar."

"Mun san kin sani, Yaya."

Suka riƙe hannun juna.

Allah ya jiƙan Mushe Ari. Ya rufa wa mutane asiri a shekarar da asiri ya yi wuyar rufuwa, Allah ka rufa masa nasa, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka haɗa shi da yayarsa a inda ba yunwa. Amin.