Hannun Ƙi-faɗi da Man Ƙaiƙayi

Tun tana goye ake kiranta Ƙi-faɗi, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Aka ce karatun haɗa sinadari ba na mata ba ne, ta yi shi. Aka ce miji zai gudu, ya zauna har Mai shi Ya karɓi abinsa. Da baƙin gashi ta shiga ɗakin gwaji, furfura ta iske ta a kujerar nan tata ta kusa da tanda.

Aikin nata in ka gani sai ka raina. Wani farin gari ne kamar yashi, wai silika, kowace ƙwaya cike da ƙofofin da ido ba ya gani. Sai ta ɗiga masa ruwan wani ƙarfe mai tsada, faladiyam, tana juyawa da sandar gilashi, ta shanya, ta gasa. Sannan ta ɗura shi a bututu ta toshe da wata auduga da wuta ba ta ci. In aka hura masa mesen, gas ɗin nan da ke tashi daga juji da bayan injina yana ɗumama duniya, sai garin ya cinye shi ƙurmus, ba harshen wuta ba hayaƙi. Safar hannu kuwa ba ta sawa wajen toshiya. Cewa take mai safa bai san abin da yake taɓawa ba.

Da shekaru suka ja, hannunta ya fara rawa. Ana cikin haka farin garin nan nata ya shiga mutuwa. A hura gas ta nan, ya fita ta can lafiya lau kamar ya je gaisuwa. Ta sake haɗawa, jiya i yau.

Shugaban ɗakin, wanda a haife ta haife shi, ya kira ta ofis.

"Mama, zauna mana."

"Na gaji da zama. Faɗi."

"Hannun nan ya yi nasa. Akwai tebur a sama, ga fanka, ga..."

"Ga likkafani. Ɗan nan, hannuna rawa yake, ba hauka ba."

"Ƙarfen nan ba a kwasarsa a kwararo, Mama. Haɗi ɗaya na ba ki. In ya mutu, kin hau sama."

Ta koma gida da la'asar tana huci. Autarta ta ɗauko kwalbar man da take shafa mata tun da ƙaiƙayi ya kama yatsunta, ta kama hannun.

"Inna, ki bar musu aikin nan ki huta. Dubi har zobenki ya yi baƙi don wahala."

Ƙi-faɗi ta dubi zoben. Azurfa ce, ta aurenta, ga ta kamar gindin tukunya. Ta san ba wahala ke baƙanta azurfa haka ba, sai ta fizge kwalbar ta sansana.

"Ke! Me ke cikin man nan?"

"Mai kemis ya ce farar wuta, ita ke kashe ƙaiƙayi."

"Ta kashe har da garina! Da hannun nan fa nake toshe bututu, ba safa. Faladiyam da farar wuta ai wuta da ruwa ne, shashasha."

"Yo Inna, ni na yi karatun ko ke?"

Da safe ta dire kwalbar a teburin shugaban, ta dire zoben kusa da ita. Ya duba, ya gane, amma bai yi dariya ba.

"To ai laifin naki ne dai. Sau nawa na ce ki sa safa?"

"Laifin nawa ne, ban raba da kowa ba. In za ka kore ni, kore ni don taurin kai. Amma kar ka kuskura ka ce tsufa ne."

Ta wanke hannu har ya yi ja, ta zura safar tana zaginta ita da wanda ya ƙirƙiro ta. Ta jawo wani guntun bulo ta ɗora wuyan hannunta a kai, rawar ta lafa, ta shiga ɗigo. Da aka hura gas, ya shiga bututun bai fito ba.

Har yau tana kujerarta kusa da tanda, da safarta da bulonta. Man kuwa ta hana shi shiga gidanta, ta gwammace ta riƙa susa da bakin tebur. Teburin sama yana can, fanka tana yi wa ƙura fifita.